Ranar da Muka Ɗura wa Dije Gero a Safa

Kun sha tambayata, ku 'yan matan asibitin nan, wace rana ce ta fi zauna mini a rai cikin shekarun da na yi ina aikin jinya. Na san kuna jiran in ce ranar wata babbar tiyata ce a ƙasar waje. To, ranar da har yau ban iya mantawa da ita ba ita ce wadda na zauna a kan tabarma cikin wani ɗaki a Safana, ina ɗura gero a safa.

Bari in fara da inda na fito, don sababbin cikinku. A Katsina na fara aiki ina ƙaramar nas. Na je ƙaro karatu Sudan, daga can wani asibiti mai zaman kansa a Jidda ya ɗauke ni, aka sa ni sashen tiyatar gyaran jiki. A nan ake gyara fatar wanda wuta ta ƙona da leɓen yaron da aka haifa da shi a tsage, a nan kuma mata ke zuwa a ƙara musu ƙirji. Na zauna Alƙahira, na leƙa Indiya. Ina jin Larabci da Turanci da Fulatancin da na koya a wurin kakata, sai ɗan Indiyancin da bai wuce na tambayar inda ke ciwo ba. Na ajiye aiki da muƙamin babbar jami'ar jinya, wadda kuke kira matiron, wato shugabar nas-nas ɗin sashe. Da na dawo gida Batsari na zaci hutu zan yi, sai mutane suka mayar da ni tafinta da 'yar rakiyar masu zuwa neman magani waje.

Abin da ake dasawa a ƙirjin, mu dai roba muke ce masa. Jaka ce mai taushi, wata ruwan gishiri ne a cikinta, wata kuma silikon, abu mai kauri kamar kamu. Akwai mai zagaye, akwai mai siffar ɗigon ruwa, akwai ƙarama da babba. Likita kan auna faɗin ƙirji da kaurin fata, ya faɗi iyakar abin da jiki zai ɗauka, ya bayyana haɗarin aikin, ya kuma ce ba abin har abada ba ne, wata rana ana iya canza ta. Amma a cikin iyakar nan, mai jiki ce ke zaɓa da bakinta. Wannan ƙa'ida ce, ba alfarma ba.

Na ga yadda mata ke zaɓa a ƙasashe da dama. 'Yar Alƙahira za ta shigo da hoto a waya, ta ɗora wa likita a kan tebur kamar ta zo wurin tela. Ta Jidda da uwarta take zuwa, uwar ta yi ta magana, amma ki kalli yatsar ɗiyar, ita ke nuna abin da za a sa. A Indiya dangi kan cika baranda, har da kawun da ba wanda ya san wa ya gayyato shi. Tamu kuwa, in kika ce "Wanne kike so?" sai ta dubi tabarma ta ce, "Duk wanda kuka ga ya dace."

Bayan wata Sallar Layya, gab da kaka, wata yarinya mai suna Kulu ta yi sallama gidana da jariri a baya. Ta ce mahaifiyarta Dije ce ta aiko ta daga Safana. An cire wa Dije maman hagu a Kano saboda ciwon daji, ta gama shan magani, likitoci sun ce ciwon ya tafi. A can aka faɗa mata ana iya mayar da wurin da roba. Da aka kwana biyu ta ce wa Kulu, "Je ki tambayi Sista Rabi ko gaskiya ne."

Na duba takardunta, na aika wa wata likita da muka yi aiki tare a Alƙahira, Dakta Nadiya. Ta ce aikin zai yiwu, a mataki biyu: a fara sa jakar da ake ƙara wa ruwa kaɗan-kaɗan don fata ta buɗe, daga baya a sa robar. Dangin Dije, Fulani ne na wajen Runka, suka ce sun ɗauki nauyi. Malamin unguwarsu ya ce mayar da abin da ciwo ya ɗauke magani ne. Saura abu ɗaya. Dakta ta ce kafin ta ba da rana, a yi gwajin gida: a auna shinkafa da kofin asibiti, a ɗura a safa mai laushi, a yi ƙarama da matsakaiciya da babba, mai jiki ta sa kowace a rigar mama ta ji nauyinta. Gwajin ba ya maye gurbin awon likita, amma yana sa mace ta san abin da take so.

Na kama hanyar Safana da sassafe, don a lokacin ba mai son la'asar ta same shi a hanyar nan. A zaure na tarar da mijin Dije, Malam Sale, ɗan kasuwar hatsi. Muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da damina. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, don Allah ki shaida, ni ban ce a yi ba. Gari ya ɗauka ni na matsa. Jiya a masallaci har wani ya ce mini Allah ya sa alheri."

"To ka amsa?"

"Na ce amin, ya zan yi?"

A cikin ɗaki na sami Dije, doguwa, siririya, ta lulluɓe da mayafi har wuya duk da zafin da ake yi. Kusa da ita ga yayar mijinta, Yaya Abu, wadda ta tsufa tana awon hatsi a kasuwa. Ita ta amsa gaisuwar da na yi wa Dije, ita ta amsa tambayar yaya jiki.

Da na ce a kawo shinkafa, Yaya Abu ta ce, "Shinkahwa? Mu da Allah ya hore ma gero? Kulu, ɗebo mana na bana." Na ga ba laifi, geron ma ya fi kwanciya a safa. Na fito da kofina mai zane-zane, na nuna wa Yaya Abu layin da kowace safa za ta tsaya. Ta juya kofin, ta kalle shi kamar an miƙa mata cokalin shayi.

"Sista, wanga ne ma'aunin naku?"

"Shi ne, Yaya. A tsaya kan layi, a shafe."

"To."

Wannan "to" ɗin, da a Jidda na ji shi da na yarda. Na bar mata awon na fita tsakar gida neman sabis, don a gidan nan waya ba ta kamawa sai an tsaya jikin rumbu an ɗaga hannu. Da na samu Dakta a kiran bidiyo, na dawo bakin ƙofa inda sabis ɗin ke ɗan kaiwa. Na tarar an ƙulle safa uku, an jera su a faifai.

Dije ta juya baya ta sa ƙaramar, ta ɗora riga, ta juyo. Na ce, "Yaya kika ji?"

"Lafiya lau."

Ta sa ta biyu. "Wannan fa?"

"Ita ma lafiya lau."

Da ta sa babbar, kafaɗarta ta hagu har ta ɗan rankwafa. Yaya Abu ta tafa hannu. "Yauwa! Ga abu nan. In za a tahi har Masar, a tahi da dalili. Sale ya ga inda shanun Hulani suka shiga."

Dakta ta matso da fuskarta jikin waya, ta ce mini da Larabci, "Sista Rabi'a, wannan ita ce babbar da na faɗa? Ko ƙaramar ma ta fi ɗaya gefen nata. Da me kuka auna?"

Na kwance ƙaramar safar na juye a kofi. Gero ya wuce layi, ya cika baki, ya yi tozo, har ya zuba a tabarma. Na dubi Yaya Abu.

"Yaya, ba na ce a shafe ba?"

"Sista, ni tun ina budurwa nike awo, ban taɓa ba mutum shafaffen mudu ba. Wanda ban sani ba ma ina yi mashi tozo in ƙara da gyara, sai matar ƙanena zan yi ma ƙwauro? Mi za a ce da ni a garin nan?"

Kulu ta toshe baki da zanen goyo. Na fassara wa Dakta, sai da na yi mata bayanin gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke yi wa mai saye bayan an gama. Ta yi dariya har tabaronta ya zame, ta ce su ma masu kayan miyarsu suna yi, amma ba ta taɓa ganin an yi wa tiyata gyara ba. Ta ce in gaya wa Yaya, fatar da aka yi wa aiki ba buhu ba ce, in aka cika mata kaya tana iya buɗewa. Yaya Abu ta ce ita dai ta fita haƙƙin zumunci.

Na sake awon da hannuna. Dije ta sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta canza ba: lafiya lau, duk ɗaya ne, duk wadda Yaya ta gani. Dakta ta daina dariya. Ta ce, "Ki faɗa mata, ba zan taɓa jikinta ba sai na ji abin da ita take so da dalilinta. Matar da aka zaɓar wa, ita ce ke dawowa tana kuka. In ba ta so, akwai wadda ake sawa a cikin riga ba tare da tiyata ba, kuma ba abin kunya ba ne mace ta zauna yadda take. Zan shiga ganin marasa lafiya, ki kira ni bayan azahar. In shiru ne, mu bar maganar."

Na faɗa musu. Ana cikin haka jaririn Kulu, Abba, ya farka da kuka. Na ga hannayen Dije sun miƙa kafin ta ankara, har ta kama bakin zanenta kamar mai shirin goyo. Sai ta saki, ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafi. Yaya Abu ta sure shi, ta wurga a baya, ta ɗaure zane a ƙirji da ƙulli ɗaya, tana jijjiga shi tana cewa, "Yi shiru, ƙato. In lokacin yaye ya yi, Wagini za ka, wurin kakarka ta wajen uba. Wagga ta nan ba ta iya ɗaukar ka."

Ba da mugunta ta faɗa ba, magana ce da aka riga aka gama a gidan. Amma ni fuskar Dije nake kallo.

Da aka kira sallah, Yaya Abu ta fita alwala, Kulu ta karɓi yaron ta bi ta. Na matsa kusa da Dije, na bar Hausa na koma Fulatanci. Ta ɗago da sauri, don ba ta san ina ji ba. Na ce mata na san semteende, kunyar nan tamu da aka raine mu da ita, amma yau ni nas ce, kuma ba kowa a ɗakin.

Ta daɗe tana murza ƙwayar gero a yatsa. Sannan ta ce, "Zane ba ya zama."

Na ce ta ƙara mini bayani.

"Tun da aka cire, in na yi ɗaurin ƙirji sai ya sulluɓe ta hagu. Na cusa tsumma, na sayi wadda ake sawa a riga, da gumi ya zo sai ta gudu. Ranar da aka yi arba'in ɗinsa na goya shi, na sunkuya zan ɗauki buta, sai ji na yi yana zamewa. Da hannu ɗaya na tare shi. Ba wanda ya gani. Tun ranar ban ƙara ba." Ta nuna ƙofa da haɓa, inda Kulu ta fita. "Waccan 'yar fari ce. Ko sunanta ban taɓa kira ba, ban goya ta a gaban mutane ba, uwata ta raine ta. Aka ce in yi haƙuri, ɗanta nawa ne. Na yi. Yanzu ga shi ya zo, za a kai shi Wagini."

"Malam Sale fa?"

Ta yi murmushin farko da na gani a fuskarta. "Shi ai ko da kai biyu na dawo, sai ya tambayi ina tuwonsa."

Ku da kuka taso a nan kun san abin da take nufi, amma sai da na yi wa Dakta bayani dalla-dalla da na sake kiranta. Na ce a wurinmu idan za a yaye yaro, wurin kaka ake kai shi, ita ke goya shi ta yi ta zagaye da shi har ya manta da uwarsa. Goyon kuma zane ne ake ɗaurewa a saman ƙirji, ƙirjin ne ke riƙe ƙullin. Dakta ta ce ita a karatunta an koya mata tambayar mace irin rigar da take sawa da wasan motsa jikin da take yi, ba a taɓa ce mata ta tambayi goyo ba. Ta ce tana son ta gani.

Na ce wa Kulu ta miƙo yaron. Yaya Abu ta ce, "Sista, kada a kada mani jika." Na ce ta tsaya a bayan Dije ta tara hannu.

Da babbar safa, ƙullin ya karkace, yaron ya kwanta gefe guda yana kallonmu kamar mai tambayar laifin da ya yi. Dije ta ce tana danne mata tabo. Da ƙaramar, ta yi taku kaɗan zanen ya fara sauka. Ta sa matsakaiciyar ta ɗaura, ta tsaya jim, ta kwance. Ta ciro safar da kanta, ta warware bakin, ta zubar da gero kamar cikin tafin hannu, ta ƙulle ta mayar. Yaya Abu ta yi salati ganin ana rage awo a gabanta.

Dije ta sake goya shi, ta ɗora majanyi. Ta fita tsakar gida ba mayafi, ta zagaya rumbu, ina biye da ita da waya a sama. Ta sunkuya ta ɗauki buta, ta miƙe. Zane bai motsa ba. Yaron ya kwantar da kai a tsakanin kafaɗunta.

Ta juyo ta kalli wayar, ba ni ba, ta ce da Hausa, da ƙarfin da har zaure an ji, "Wannan nike so."

Ban fassara ba, Dakta ta riga ta gane. Ta sa na juye geron a kofi na faɗa mata inda ya tsaya. Ta ce ya yi kusa da ɗaya gefen, kuma yana cikin abin da take ganin fatar za ta ɗauka, sai dai ta tabbatar in ta auna da hannunta. Ta ce za ta sa robar a ƙarƙashin tsoka don ta samu kariya. Sannan ta kafa sharaɗi: bayan kowace tiyata ba goyo, ba daka, ba ɗaukar tulu, sai ta ba da izini, kuma ko an warke kada a tamke ƙulli a kan tabo. Duka aikin zai ci watanni masu yawa.

Dije ta tambaya ko za ta warke kafin yaye. Dakta ta ce ba ta yin alkawarin da jiki ne zai cika shi. Sai Kulu, wadda tun safe ba ta sa baki ba, ta ce, "Inna, ai ni ke shayarwa. Ba zan yaye shi ba sai an ce kin warke." Dije ba ta kalle ta ba, ba ta amsa ba, kamar yadda uwa ke yi wa 'yar fari. Ta dai gyara majanyin da bai kwance ba.

Na raka ta Alƙahira, muka dawo, ana yi mata ƙarin ruwan a Kano, muka sake komawa. Wurin ya ɗan yi ruwa bayan aiki na biyu, warkewar ta ja fiye da yadda muka so. Abba ya yi ta shan mama har yana gudu yana kiran sunan awaki, mutanen Wagini suka yi ta aiko da tambaya, Kulu na cewa yaron bai yi ƙwari ba, alhali ya kusa fin ƙarfin ɗauka.

Ranar da aka kawo shi yaye Safana, an aiko mini. Na tarar da Dije a tsakar gida da shi a baya, ƙafafunsa na reto har cinyarta, yana ihu yana neman uwarsa, ita kuwa tana zagaya rumbu tana yi masa waƙa da Fulatanci. Yaya Abu ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Ya yi kyau, ban ce ba. Amma da an bar gyarata da ya hi." Malam Sale ya leƙo daga zaure ya nuna yaron da carbi.

"Hajiya, kin gani ko? Gari duk ya ce don ni aka je Masar. Ashe don wannan ɗan ƙwacen ne. Ya raba ni da mata, kuma ni ake yi wa Allah ya sa alheri."

Dije ta ce, "To ai shi ne angon. Kai ka tsufa."

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi nake so ku riƙe. A makaranta an koya mana mu tambayi mara lafiya abin da yake so, kuma daidai ne. Amma matanmu da yawa ba a raine su su amsa wannan tambayar ba, balle a gaban dangin miji. In ta ce miki "duk ɗaya ne", kada ki rubuta cewa ta yarda, kada kuma ki ce ba ta san abin da take so ba. Ki rage mutanen ɗakin, ki nemi harshen da take kuka da shi, ki tambaye ta abin da take yi da wanda yanzu ya gagare ta. A nan amsar take. Dangin da suka cika miki ɗaki kuma kada ki ɗauke su abokan gaba, ƙauna ce ta kawo su, sai dai wani lokaci tana zuwa da tozo.

In kuma aikin ya haɗa da awo, ku riƙe kofin da hannunku.